Zaren Keken Sama

A Tawa, unguwar Bilbis, bayan lisha,
Cipkau kan fito da telensa tsakar gida,
ya ɗora ta kan turmin da aka kife,
ya jona batirin da ya aro a gareji.
Dala biyar kowane babba. Yaro dala biyu,
ko kyauta, in uwarsa ta taɓa dama wa Cipkau fura.

Nan na fara ganin sarakunan Indiya na zamanin da,
masu kambin kwali da aka shafa wa ruwan zinari.
In sarki ya fusata ya girgiza kai,
kambin ya zame ya rufe masa gira,
sai ya tura shi da yatsa,
ya ci gaba da fushinsa.

Jarumi ya harba kibiya.
Ta tashi, ta haifi goma,
goman suka tsaya cak a sama
kamar ƴan ci-rani masu jiran motar Abijan.
Kafin su gamu da na abokin gaba
Inna Mantu ta je ta duba tukunya, ta dawo,
ba abin da ya wuce ta.

Gajimaren auduga ne, mun sani.
Dutsen da ƙato ya ɗaga da hannu ɗaya
iskar fanka na kaɗa shi.
Gemun tsohon da ke zaune a kogo
ya ɗan ɓalle ta hagu, har danƙon na gani.
Ni ɗan tela ne, idona kan ɗinki yake sauka.

Kawu Agali ya leƙo ta saman zana
ya ce, "Gumaka kuke kallo."
Inna ta ce, "Tatsuniyar mutanen nesa ce.
Wa ya taɓa yi wa tatsuniya sujada?"
Ya tafi yana gunaguni.
Mako na gaba ya zo da tabarmarsa.

Sai daren da keken doki ya tashi sama,
yana tangaɗi kamar guga a bakin rijiya,
zare biyu baƙaƙe na riƙe da shi.
Yara suka ɗau ihu: ga zare, ga zare!
Inna ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Sannu, mai riƙo.
Hannun bawan Allah nan ya gaji."

Shekara talatin ke nan.
Cipkau ya riga mu, turmin ya tsage.
Lawali, jikan Inna, ya dawo daga Aljeriya
da tele mai faɗin ƙyauren ɗaki,
ya kafa faranti kan soro.
Labarin nan ne dai, an sake shi fil.
Teku na tafasa, duwatsu na narkewa,
kibiya kan zama wuta kafin ka ƙifta,
giwa dubu a filin daga, ba ɗaya mai kashi,
ba jarumin da gumi ya jiƙa wa hammata.
Har Hausa aka sa musu a baki:
sarki ya rufe leɓe, maganarsa na ci gaba.

Inna ta ja kujera har hancinta ya kusa gilashi,
idon ya yi rauni yanzu.
Keken ya tashi, sumul, ba tangaɗi.
Ta bi saman allon da yatsa, hagu da dama.
"Ina zaren?"
"Kaka, inji ke zana shi, ba zare."
Ta daɗe ba ta tanka ba.
"To wa ke riƙe da shi?"

Lawali ya buɗe baki, sai wuta ta ɗauke.
Muka zauna cikin duhu muna korar sauro,
wani jaki na kuka can wajen kasuwa.

Da safe na gama wuyan rigar wani ango.
Zare ɗaya ya yi saura ta ciki, ɗan tsawon gaɓa.
Na ɗauki almakashi,
na juya shi a hannu,
na ajiye.